Kura mai rikiɗa a ƙasar Rimaye

A ƙasar Rimaye da ke ƙaramar hukumar Kankiya ta Jihar Katsina, da ƙauyukan da suka miƙe zuwa Kusada, akwai wani tsohon imani da ake tarayya a kansa da sauran ƙasar Hausa: ba kowace kurar da ta faɗa garke da dare ce kurar daji ba. Wata mutum ce, ɗan gari, wanda ke fita bayan sawu ya ɗauke, ya rikiɗa, ya ɗauki akuya ko ɗan maraƙi, kafin asalatu ya koma ɗakinsa ya kwanta. Alamominta a bakin masu ba da labari sanannu ne. Ta fi kurar daji girma, ba ta tsoron wuta, kare ba ya mata haushi, ta san inda dangar gida ta yi rauni, kuma idan aka bi sawunta da safe sai a ga ya nufi gari maimakon daji.

Yadda ake kiwo a yankin ne ya ba labarin gurbi. Ƙasa ce ta noman gero da dawa da gyaɗa da auduga, kusan kowane gida kuma yana da awaki da tumaki, galibinsu na mata. Da damina ana ɗaure su a turke don kada su shiga gona, a riƙa kawo musu ciyawa. Da rani a sake su su yi kala a gonaki, su dawo da magariba. Fulani na kafa ruga a gefen gari, shanu a cikin shingen ƙaya. Kafin noman gyaɗa ya cinye dazuzzuka, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a farkon shekarun 1910, tsakanin ƙauye da ƙauye akwai kurmi da duhuwa da tsofaffin ramuka inda kura ke wuni. Akuya ɗaya kuwa ita ce asusun mace: kuɗin magani, kayan ɗakin ɗiya, abin yanka ranar suna. Wanda ya wayi gari ya tarar da igiya a turke babu akuya, ba ƙaramin rashi ya yi ba.

Kura tana da fuska biyu a al'adar Bahaushe. A tatsuniya wawuya ce mai kwaɗayi, matsoraciya, wadda Gizo ke yaudara a kullum, yara su yi ta dariya. A karin magana ita ce marar amana, shi ya sa ake cewa an ba kura ajiyar nama. Fuska ta biyu tana fitowa ne idan aka haɗa ta da maita. Maye, a wannan imani, yana kama kurwar mutum ya cinye, kuma yana iya sauya siffa ya koma kare ko mage ko kura. Akwai kuma kambultu, wanda ake jin tsoronsa fiye da maye saboda ana cewa naman mutum yake ci. Sunan ya shigo ne daga Barebari, inda yake nufin mutum-kura, abin da ke nuna cewa labarin ya bi hanyoyin fatauci da almajiranci tsakanin Borno da Katsina da Kano. Bai tsaya nan ba. A Habasha ana kiran irin wannan mutum buda, kuma maƙera da masu ginin tukwane da Yahudawan ƙasar ne suka fi shan zargin.

Turawan mulkin mallaka sun tarar da imanin da ƙarfinsa. A. J. N. Tremearne ya tattara camfe-camfe da tatsuniyoyin Hausawa a wani littafi da ya fito a 1913. A 1918 kuma Richard Bagot ya buga a mujallar Cornhill ta Ingila labarin wasu hafsoshin soja a arewacin Nijeriya, inda aka ce ɗayansu ya harbi kura da dare har muƙamuƙinta ya cire, aka bi jini zuwa gari, washegari aka ji wani mutum ya mutu babu muƙamuƙi. Bagot bai ga abin da idonsa ba. Ji ya yi daga wasu. Wannan shi ne tsarin labarin a ko'ina: a sari kura da dare, da safe a ga wani da rauni a daidai wurin. Mai ba da labarin kuma kusan kullum wani ne ya faɗa masa.

Mafi yawan alamomin da ake jingina wa kura mai rikiɗa halayen kurar daji ne na ainihi. Iri biyu ake da su a wannan yanki na Afirka: babbar kura mai dabbare-dabbare, da sayaki mai zane-zane wanda ya fi dogara da mushe. Babbar takan kai kilo 60 ko fiye, ƙafafunta na gaba sun fi na baya tsawo, don haka tafiyarta kamar ta mai ɗingishi ce, idan kuma ta ɗaga gaba ta dafa danga sai ta yi kama da mutum a tsaye. Kukanta na kiran 'yan'uwa ana jin sa daga nisan kilomita 5 a daren da babu iska. Tana da wani sautin kuma mai kama da ƙyalƙyalar dariyar mutum, wanda take yi idan ana rububin nama. Idonta yana ƙyalli idan haske ya same shi, saboda wani shimfiɗi a bayan ƙwayar ido da ke mayar da haske, irin wanda mage ma ke da shi. Macen ta fi namijin girma, al'aurarta kuma ta yi kama da tasa ƙwarai, har mutanen zamanin da suka ɗauka cewa kura tana sauya jinsi. Aristotle ya musanta wannan zance fiye da shekara 2,000 da suka wuce, amma bai mutu ba. Dabbar da aka yarda tana komawa mace ta koma namiji, ba wuya a yarda tana komawa mutum.

Cinta ma abin mamaki ne ga wanda bai saba ba. Haƙoranta suna murƙushe ƙashin cinya, cikinta yana narkar da shi, har kashinta idan ya bushe yakan yi fari fat kamar alli. Tana iya cin kilo 14 na nama a zama ɗaya, ta ɗauki ragowar ta yi nisa da shi. Saboda haka akuya takan ɓace ɗungurungum, ba fata ba ƙashi, sai ɗan jini a ƙasa, kamar mutum ne ya kwance ta. Akwai kuma daren da za a tarar da dabbobi da yawa a mace ba a ci ko ɗaya ba, wanda shi ne ya fi tayar da hankali, don ana ganin mai yunwa ba zai yi haka ba, sai mai mugunta. Hans Kruuk, masanin dabbobi ɗan ƙasar Holan da ya yi nazarin kuraye a Serengeti da Ngorongoro na Tanzaniya, ya rubuta yadda a wani dare mai duhu da ruwan sama a 1966 kuraye suka kashe bareyi 110, suka ci kaɗan kawai. Bayaninsa shi ne, motsin abin farauta ne ke tunzura mafarauci ya kama. Idan dabbar ba ta iya gudu ba, sai ya yi ta kamawa. Akuyar da ke ɗaure a turke ko tumakin da ke cikin shinge suna cikin wannan hali daidai. Karnuka ma suna yin haka, muzuru ma yana yi a akurki.

Sai maganar gawar da aka ce an tsotse jininta. Da zarar zuciya ta tsaya, jini yakan gangara ya taru a ɓangaren da dabbar ta kwanta a kai, ya daskare a manyan jijiyoyi da cikin ƙirji. Wanda ya tsaga saman gawar ba zai ga jini ba. Ramuka biyu a wuya sawun fiƙoƙi ne na kare ko dila, waɗanda ke shaƙe dabba a maƙogwaro, jinin kuma ya zuba ta ciki. Ungulu da hankaka da tsutsa suna fara ci ne daga wurare masu laushi, ido da harshe da hantsa da dubura, daidai sassan da ake cewa matsafa ke nema. Zafin rana yana kumbura ciki har fata ta tsage a miƙe kamar an sa wuƙa. Wasu mace-macen kuma babu haƙori a cikinsu ko kaɗan. Ciwon saifa yana kashe saniya cikin sa'o'i, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci da dubura, kuma yana kama mutumin da ya feɗe ta. Hukumomin Nijeriya sun tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023. Ciwon harbin daji yana kayar da ƙosasshen maraƙi a dare ɗaya da kumburarriyar cinya. Idan kura ta zo ta ci gawar daga baya, ita ake ɗora wa kisan.

Sawun da ke komawa gari, wanda shi ne hujja mafi ƙarfi a bakin dattawa, yana da bayani mai sauƙi. Kura tana son bin turbar da ƙafa ta riga ta share, kuma abin da ke jawo ta yana bakin gari: juji, mahauta, wurin yar da mushe, wani lokaci maƙabarta. A kan yashin fadama sawunta yana fita sarai, na gaba ya fi na baya faɗi, da alamar farata. Da ta hau ƙeƙasasshiyar turba sai ya dusashe. Kafin masu bin sawu su fito, masu zuwa rijiya da masallaci sun riga sun taka wurin. Abin da ido ke gani shi ne sawun kura ya ƙare, na mutum ya fara.

Sauran aikin zuciyar ɗan'adam ce ke yinsa. A cikin duhu ido ba ya tantance girma da nisa, tsoro kuma yana ƙara wa abu girma. Frederic Bartlett ya nuna a 1932 cewa labari idan ya bi baki zuwa baki yakan zubar da abin da bai dace da tunanin masu ji ba, ya ɗauki siffar da suka riga suka sani. Misali mafi fitowa fili a wannan zamani shi ne chupacabra, dodon da aka ce yana tsotse jinin awaki a tsibirin Puerto Rico a 1995. Siffarsa ta farko, mai tafiya da ƙafa biyu da ƙayoyi a gadon baya, ta fito ne daga bakin wata mata a garin Canóvanas, kuma mai bincike Benjamin Radford ya nuna a littafinsa na 2011 cewa ta yi daidai da halittar wani fim mai suna Species da matar ta kalla kafin nan. Waɗanda aka samu a Texas daga baya aka ce chupacabra ne, da aka gwada ƙwayoyin halittarsu, sai aka ga karnuka ne da wani irin dilan Amurka da ƙazwa ta cinye wa gashi. Can fim ne ya ba da siffar; a ƙasar Katsina tatsuniya da labarin maita ne suka ba da ita tun mutum yana goye.

Amma babban dalilin da ya raya imanin shi ne tambayar da ilimin dabbobi ba ya amsawa. E. E. Evans-Pritchard, a nazarinsa na Azande na kudancin Sudan ta wancan lokaci da ya fito a 1937, ya kawo misalin rumbun da ya rufta kan mutane: kowa ya san gara ce ta ci ƙafafunsa, abin da ake nema shi ne dalilin da ya sa ya faɗi a kan waɗannan mutane a wannan sa'a. Mai akuya ma ya san kura na cin akuya. Abin da ke cin ransa shi ne me ya sa tasa, alhali ta maƙwabci na ɗaure a bayan zana ɗaya. Amsar da ke kwantar da rai ita ce akwai mai hannu a ciki. A nan ne labarin yake da muni, domin zargin ba ya sauka kan mai ƙarfi. Yana sauka ne kan baƙon da ba shi da dangi a gari, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, mutumin da ke yawon dare saboda taɓin hankali, ko wanda ake da tsohuwar gaba da shi kan iyakar gona. Ana daina sayen abincin gidansu, a ƙi auren 'ya'yansu, wani lokaci a kore su ko a kai ga duka. Wannan cuta ta fi ta akuyar da aka rasa nesa ba kusa ba.

Labarin yakan ƙaru a shekarun wahala. Annobar bushiya da ta ratsa ƙasar Hausa wajen 1890 ta kashe mafi yawan shanu, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta biyo baya, bushiya kuma ta sake ɓarna a 1983. A irin waɗannan lokuta mushe yana yawaita, kuraye su saba da bakin gari, mutane kuma suna cikin rashi da zargin juna.

A ƙarni na 20 kurar kanta ta ja baya. Gonaki sun haɗe da juna, an sare duhuwoyi, bindiga da tarko da guba sun yi aikinsu. Yau wanda ke son ganin kurar daji sai ya nufi gandu irin na Yankari. Matasan Rimaye da Kusada sun fi saninta a hannun gardawa, da takunkumi a baki da sarƙa a wuya, ana kaɗa ganga ana sayar da layu da maganin tsari, sana'ar da mai ɗaukar hoto Pieter Hugo na Afirka ta Kudu ya nuna wa duniya a hotunan da ya ɗauka a 2005 da 2007. Asarar dabbobi kuwa ba ta tsaya ba. Masu yin ta yanzu su ne karnukan da suka koma yawo garke-garke, dila, cututtukan da rigakafi ke karewa, ledar da dabba ke haɗiya a juji, da ɓarayin shanu waɗanda tun shekarun 2010 suka addabi Jihar Katsina daga dajin Rugu. Idan aka tarar da dabba ta mutu ba zato, shawarar likitocin dabbobi ita ce kada a feɗe ta kuma kada a ci, a duba sawu da tazarar fiƙoƙi kafin a taka wurin, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, sannan a binne gawar da zurfi.