Aminu Ala da tafiyar waƙar Hausa daga kaset zuwa wayar hannu

Aminu Ladan Abubakar, wanda aka fi sani da Aminu Ala ko Alan Waƙa, mawaƙi ne kuma marubuci da aka haifa a unguwar Yakasai ta birnin Kano a shekarar 1973. Yana cikin fitattun mawaƙan Hausa masu cin gashin kansu, wato waɗanda suke rubuta waƙarsu, su ɗauke ta a sutudiyo, sannan su fitar da ita ba tare da wani kamfanin faifai ya ɗauki nauyinsu ba. Daga cikin sarautun da yake riƙe da su akwai ta Sarkin Waƙar Dutse, masarautar da Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashinta a kudancin Jihar Jigawa. Tarihin waƙoƙinsa ya nuna yadda waƙa ta sami 'yancin zuwa ko'ina, da kuma yadda kuɗinta ya kasa biyo ta.

Daga alƙalami zuwa sutudiyo

Ala ya soma ne da rubuta littattafan ƙagaggun labarai kafin sunansa ya fito a fagen waƙa, kuma wannan asali bai taɓa barinsa ba. Makaɗan baka irin su Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko Haruna Uji na Haɗejia mai gurmi, a gaban jama'a suke ƙulla waƙa, suna ƙari suna ragi gwargwadon wurin da suke. Ala kuwa ya bi tafarkin rubutacciyar waƙa: yakan tsara baitoci a takarda, ya daidaita layukansu, ya kiyaye amsa-amo, sannan a ɗora su a kan kiɗan fiyano. Shi ya sa ake iya karanta waƙarsa ko babu kiɗa, kuma shi ya sa ɗaliban sashen Hausa a jami'o'i suka yawaita nazarinta.

Jigoginsa ma sun bambanta da na soyayya da suka mamaye waƙoƙin fim. "Jami'a" ta yi magana a kan wahalhalun karatun jami'a, "Baubawan Burmi" ta caccaki shugabannin da suka ci amanar talakawa, "Bakan Dabo" kuma yabo ce ga marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. Ya kafa kamfaninsa mai suna Taskar Ala, inda yake sarrafa ayyukansa.

Abin da ya sauƙaƙa wa mawaƙa irinsa shi ne arahar kayan aiki. A zamanin garmaho sai kamfani irin EMI ko gidan rediyo ya ga dama kafin a ɗauki muryar mawaƙi. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuwa, fiyanon Yamaha guda da kwamfuta da makirufo a ɗaki ɗaya sun wadatar. Abin da ya rage a hannun wasu shi ne rarrabawa, domin 'yan kasuwar kaset da faifan CD na Ƙofar Wambai da Bata a Kano su ne ke buga kwafi, daga wurinsu kuma dillalai ke saro kaya zuwa garuruwa irin su Birnin Kudu da kasuwar Sara da ke Ƙaramar Hukumar Gwaram.

Shari'ar "Hasbunallahu"

Shekarar 2009 ce ta tabbatar da cewa wannan hanya ta fara sauyawa. A lokacin an shiga takun saƙa tsakanin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ƙarƙashin shugabancin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, da 'yan fim da mawaƙa da marubuta. A tsakiyar shekarar wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da "Hasbunallahu" ta Ala da "Girgiza Kai" ta Nazir Ahmad Hausawa, wanda ake kira Ziriums. Waƙar Ala addu'a ce a kan azzalumai, ba ta ambaci sunan kowa ba. Duk da haka an kama shi a watan Yuli bisa zargin fitar da waƙa ba tare da an tace ta ba, ya yi kwanaki a tsare kafin a ba da belinsa.

Abin lura shi ne ba a rumfar masu kaset waɗannan waƙoƙi suka fi yawo ba. Daga waya zuwa waya suke tafiya ta Bluetooth, a tashar mota da majalisar mai shayi da farfajiyar ofis. Ana iya rufe shago, ana iya ƙona faifai, amma babu jami'in da zai binciki aljihun kowa. Hasali ma, haramcin talla ya zame wa waƙoƙin. Ziriums ya ƙara gaba, inda a 2010 ya fitar da kundinsa "This Is Me" don sayarwa a intanet, a lokacin da 'yan kaɗan ne a Arewa ke da hanyar sayen waƙa ta nan.

Ina kuɗin yake?

Wayar da ta kuɓutar da waƙa daga mai tacewa ita ce ta karya kasuwar faifai. Wurin dillalin kaset sai masu tura waƙa, waɗanda ake kira 'yan dawunlod, suka maye. Matashi ne da kwamfuta a bakin kasuwa ko tasha, yana loda wa mutum ɗaruruwan waƙoƙi a memori a kan kuɗi kaɗan. Ga mai sauraro a ƙauyen da sabis ba shi da ƙarfi kuma data ke da tsada, wannan ce hanya mafi sauƙi, kuma sana'a ce da take ciyar da gidaje. Sai dai galibi ko sisi ba ya komawa ga wanda ya rubuta waƙar ya biya kuɗin sutudiyo.

Manhajojin sauraro sun ɗan toshe wannan giɓi. Boomplay, wadda ke zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, ta fara aiki a Najeriya a 2015. Audiomack tana bai wa mawaƙi damar ɗora waƙarsa kyauta. Spotify ta shigo ƙasar a watan Fabrairun 2021, amma mawaƙi ba ya ɗora waƙa a kanta kai-tsaye sai ta hannun kamfanin rarrabawa, kuma tun 2024 ba ta biyan komai a kan waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 a cikin wata 12 ba. A YouTube, inda mawaƙan Hausa suka fi samun masu kallo, kafin tasha ta fara cin kuɗin talla a dogon bidiyo sai ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a shekara guda. Ko an cika sharuɗɗan, abin da ake biya a kan mai sauraro a Najeriya bai kai na wanda ke Amurka ko Ingila ba, saboda farashin talla da na rajista sun bambanta. Wanda kuma ya karɓi waƙa ta WhatsApp ko Xender ba ya shiga lissafin kowa.

Saboda haka mawaƙin da ya tsira daga kamfanin faifai bai tsira daga neman uban gida ba. Abincinsa na fitowa ne daga wasa a biki da taro, da waƙar amarya da ango da ake biya kafin a yi, da tallar kaya, da yabon sarakuna da attajirai, da kuma waƙar siyasa wadda ta fi kowace tsoka a kakar zaɓe. Ala kansa ya yi waƙoƙin sarauta da na siyasa da dama. Masu zargin mawaƙan yau da yawan yabo ba kasafai suke tambayar ko nawa suka taɓa biya a kan waƙar faɗakarwa da ke cikin wayarsu ba.

Matsayin doka

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1988. Tana kare baitoci da karin waƙa tsawon rayuwar mai su da shekara 70 bayan rasuwarsa, sautin da aka ɗauka kuma shekara 50. Kariyar na farawa ne da zarar an rubuta waƙar ko an ɗauke ta, ba sai an yi rajista ba, ko da yake ajiye bayaninta a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa yana taimakawa idan rigima ta taso. Dokar ta kuma bai wa mai waƙa damar aika takarda ga shafin da ya ɗora aikinsa ba da izini ba domin a sauke shi. Kwafar waƙa ana sayarwa ba da yardar mai ita ba laifi ne a ƙarƙashinta, ko a faifai ne ko a memori.