Rawar Jami'an Gwamnati a Ayyukan Makamashi Mai Tsafta: Darasi ga Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda matakan jami'an gwamnati ke raya ko durƙusar da ayyukan lantarki na iska da hasken rana a Jihar Katsina. Ta kafa hujja da manyan ayyuka biyu da dokokin harkar, ta gano cewa cika alkawari da samar da fili da tsaro su ne ginshiƙan ɗorewar aiki.

1.0 Gabatarwa

Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, amma ƙauyuka da dama a kudancin Katsina ba su samunta yadda ya kamata. A wurare irin su Tafoki, mai cajin waya da mai injin niƙa da manomin rani duka da mai suka dogara. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya ƙara karkata hankalin jama'a zuwa ga sola.

2.0 Manyan Ayyuka Biyu

A 2005, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka tsara tashar lantarki ta iska mai megawat 10 a Lambar Rimi. Gwamnatin Tarayya ta karɓi aikin, ta ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangilar kafa injinan iska 37. A Disambar 2012 'yan bindiga suka sace wani injiniyan Faransa a Rimi, aikin ya yi shekaru yana tafiyar hawainiya.

A Yulin 2016 kuma kamfanin gwamnati mai sayen wuta a sari, NBET, ya sa hannu da kamfanoni 14 don samar da megawat 1,125 daga hasken rana, ciki har da na Pan Africa Solar a Kankiya. Saɓani kan farashi da lamunin gwamnati ya hana masu zuba jari sakin kuɗi, aikin ya tsaya a takarda.

3.0 Nauyin da ke Kan Jami'ai

Ƙananan tashoshin sola sun fi dacewa da yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kuma doka ta share musu hanya. Ƙa'idar 2016 ta hukumar kula da harkar lantarki, NERC, ta ba tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba damar yin rajista kawai. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, Bankin Duniya kuma ya amince da dala miliyan 750 a Disambar 2023 don shirin makamashi mai tsafta na DARES da hukumar lantarkin karkara, REA, ke gudanarwa.

Samar da fili yana hannun hukuma. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ɗora wa ƙaramar hukuma alhakin ba da izinin fili a karkara, amma sai da yardar hakimi da magaji da mai unguwa ake kafa faifan sola ba tare da rigimar gona ba.

Tsaro shi ne mafi nauyi. Sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020 ya nuna girman barazanar. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Irin wannan mataki yana taɓa tashar sola kai tsaye, domin ta waya ake sayen katin wuta, ta intanet kuma injiniya ke duba lafiyar batura daga nesa.

Gyara ma nauyi ne. Famfon sola ko fitilar titi da ɗan majalisa ya kafa kan mutu da mutuwar batir, idan ƙaramar hukuma ba ta ware kuɗin kula ba, ba ta kuma horar da matasan garin ba.

4.0 Kammalawa

Iska da rana ba su yi ƙaranci a Katsina ba. Yarjejeniya da tsaro da kulawa ne suka gaza. Ya kamata a auna jami'i da yawan tashoshin da ke ba da wuta shekaru bayan bikin buɗe su.