Littafin Shan Magani Ga Mai Cutar Parkinson

Cutar Parkinson ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke kawo karkarwar hannu, sandarewar gaɓoɓi da nauyin motsi. An sa mata sunan James Parkinson, likitan Ingila da ya yi bayaninta a 1817. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 sama da mutum miliyan 8.5 ne ke fama da ita. Ta fi kama dattawa, shi ya sa a unguwanninmu mukan ɗauke ta tsufa ne kawai, wasu kuma su ce sammu ne ko iska. Asalinta kuwa mutuwar wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne masu samar da dofamin, sinadarin da ke daidaita motsin jiki.

Dalilin ajiye littafi

Babban maganin cutar shi ne levodopa, wanda ake haɗawa da carbidopa ko benserazide, ana sayar da shi da sunaye irin su Sinemet da Madopar. Ba ya warkar da cutar, yana cike gurbin dofamin ne na ɗan lokaci, kuma ba ya daɗewa a jini: cikin kamar awa ɗaya da rabi rabinsa ya tafi. A shekarun farko ba a cika lura da hakan ba. Daga baya sai ƙarfin ƙwaya ya riƙa ƙarewa kafin lokacin ta gaba, jiki ya sandare, tafiya ta gagara. Wani lokacin kuma, idan maganin ya kai ƙarfinsa, jiki yakan riƙa murɗewa da lanƙwashewa ba da son mai shi ba.

Likita yana ganin mara lafiya ne na 'yan mintoci, bayan watanni. Idan ya tambayi yadda ake ciki, amsarmu ita ce "da sauƙi", kuma da wannan ba zai iya gyara awo ko lokacin magani ba. Littafin ne zai nuna masa abin da ya faru a gida.

Abin da ake rubutawa

Littafin rubutu na 'yan makaranta ya wadatar, kowace rana da shafinta. A rubuta:

1. Sunan kowane magani, ƙarfinsa kamar yadda yake a jikin kwali, da ainihin lokacin da aka sha, ko da an makara.
2. Lokacin da jiki ya saki bayan shan maganin, da lokacin da sandarewa ko karkarwa ta dawo.
3. Lokacin cin abinci da abin da aka ci. Nama, wake, ƙwai da nono suna iya rage shigar levodopa cikin jiki, haka ma ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe. Don haka likitoci kan ce a sha shi rabin awa kafin abinci ko awa ɗaya bayansa.
4. Jiri idan an miƙe, faɗuwa, tashin zuciya, taurin bayan gida, rashin barci, ko ganin abin da babu shi.
5. Duk wani maganin gargajiya ko na kanti da aka sha.
6. Adadin ƙwayoyin da suka rage, don a nemi wasu kafin su ƙare.

Cutar takan ƙanƙantar da rubutun mai ita, saboda haka ɗa, jika ko ɗalibi ya ɗauki nauyin rubutun, da boko ko da ajami, muddin akwai wanda zai karanta wa likita.

Salla da azumi

Mun saba auna yini da salloli, amma tazarar da ke tsakaninsu ba ɗaya ba ce: daga Asuba zuwa Azahar awoyi ne masu yawa, daga Magariba zuwa Isha'i kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci. Wanda ya ɗaura maganinsa a kan salloli zai iya sandarewa da hantsi. A bi agogo, a saita ƙararrawar waya, a rubuta lokaci da lambobi. Littafin zai kuma nuna lokutan da jiki ya fi saki, mara lafiya ya yi alwala ko ya tafi masallaci a cikinsu.

Kafin Ramadan a kai wa likita littafin. Idan ya ga maganin ba zai jure tazarar yini ba, shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, sai a tambayi malamai hukuncin ramuwa ko ciyarwa.

Hattara

Kada a ƙara ko a rage magani don abin da aka gani a littafi, wannan aikin likita ne. Kada a daina levodopa farat ɗaya, domin hakan na iya jawo zazzaɓi mai tsanani da sandarewar jiki har a rasa rai. Idan an kwantar da mara lafiya a asibiti, a tafi da littafin, a nuna wa ma'aikata lokutan maganinsa, a kuma sanar da su cutarsa, saboda wasu magunguna kamar metoclopramide na amai da haloperidol suna tsananta ta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.