Tekun da ke ƙarƙashin ƙasar Sakkwato, da yadda labarinsa ya kasa isa aji

Mai haƙar rijiya a Tambuwal ko Kebbe ya daɗe da sanin cewa ƙasa hawa-hawa take. Akwai marmara mai taurin kai a sama, akwai yumɓu da ke riƙe ruwa, akwai rairayi da ke sakinsa. Sanin dalilin jeruwarsu haka kuwa ya ɗauki fiye da shekara 60 ana tattara shi, kuma har yau kaɗan daga cikinsa ne ke kaiwa ga ɗan makarantar sakandare da ke tafiya a kan wannan ƙasa.

Bayanin ƙasa tsohon fanni ne a wannan yanki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya buɗe Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, da siffanta ƙasashe da al'ummominsu. Da Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, ya koma Ingila da taswirar da ya samo a fadar Bello, aka kuma buga ta a 1826. Sai dai wannan ilimi na bayan ƙasa ne: garuruwa, koguna da hanyoyin fatake.

Binciken cikin ƙasa ya zo tare da mulkin Turawa, kuma neman ma'adinai ne ya kawo shi. John Falconer, wanda ya yi aikin safiyon ma'adinai a Arewa, ya wallafa littafinsa kan duwatsun Arewacin Nijeriya a 1911. A 1919 aka kafa hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya. A 1930 Raeburn da Tattam suka fitar da bayani na farko-farko kan duwatsun Lardin Sakkwato, Brynmor Jones ya faɗaɗa shi a 1948. Daga baya Cornelius Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya zurfafa aikin a shekarun 1970.

Abin da suka gano ya isa ya tsayar da hankalin kowane yaro. Ƙasar Sakkwato gefen wani ƙaton kwari ce da ya miƙa har Nijar da Mali. Shekaru miliyan 70 zuwa 55 da suka wuce, teku marar zurfi ya sha malalowa ta Sahara ya kwanta a wannan kwari, ya janye, ya sake dawowa. Kowane zuwa ya bar shimfiɗarsa, kuma da sunayen garuruwan yankin aka raɗa wa shimfiɗun suna: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina. A ta Dukamaje aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku. W. E. Swinton ya siffanta ta a 1930, sannan masana daga Italiya ƙarƙashin Augusto Azzaroli suka sake mata suna a 1972, suka kira ta Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. A 1975 Beverly Halstead ya raɗa wa wani dangin kada suna Sokotosuchus. Farin dutsen Kalambaina kuwa ragowar ɓawon halittun wancan teku ne, kuma shi masana'antar siminti ta Sakkwato ke ƙonawa tun 1967.

Bayan teku ya tafi tafiyar da ba ya dawowa, koguna da tafkuna suka zuba rairayi da yumɓu a kai. Wannan ita ce shimfiɗar da aka ba sunan Gwandu, maƙwabciyar Tambuwal. Rahoton Anderson da Ogilbee na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wanda ya fito a 1973, ya nuna cewa yumɓu ya danne wani rairayi mai ruwa a cikinta, har ta kai idan aka huda shi a wasu wurare masu kwari, ruwan kan taso da kansa ba tare da famfo ba.

Makaranta ta bi wata hanya dabam. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982 ya narkar da darasin labarin ƙasa na ƙaramar sakandare cikin nazarin zaman jama'a, ya kai batun duwatsu da ƙasa cikin haɗaɗɗen darasin kimiyya. A babbar sakandare labarin ƙasa ya zama na zaɓi. Manhaja ɗaya ce ake rubutawa domin ƙasa baki ɗaya, jarrabawa ma haka, saboda haka malami ya fi samun lada idan ɗalibansa suka haddace rabe-raben duwatsu uku fiye da idan ya fita da su kwazazzabo. Rahotannin masana kuma da Turancin ƙwararru aka rubuta su, suka zauna a ɗakunan karatu na jami'o'i.

Wannan giɓi yana da farashi. Garin da bai san shimfiɗar da yake zaune a kai ba yakan kashe kuɗi a burtsatsen da ya tsaya kafin ya cim ma ruwa, ko ya haƙa masai kusa da rijiya a ƙasa mai rairayi. Yaran da za su zama kansiloli da 'yan kwangila da injiniyoyi gobe suna cikin ajin yau.

Kayan koyarwar kuwa a kusa suke. Tulin ƙasar da aka fitar daga sabuwar rijiya yana nuna shimfiɗu bi da bi, daga ta sama zuwa ta ƙasa. Malamin da ya kai ɗalibansa bakinta, ya roƙi mai haƙar ya faɗi a gaba ta nawa ya tarar da yumɓu, a ta nawa ruwa ya ɓullo, ya haɗa sanin gado da na Falconer da Kogbe a darasi guda. Guntun farin dutse daga Kalambaina, a ɗiga masa ruwan lemon tsami yara su ga yana kumfa, ya isa ya buɗe zancen teku.