Daga Gurbin Dara Zuwa Allon Shaɗaranji

 

Da yawa daga cikinku za su tuna ni ne yaron nan na Dangoma wanda kullum ake samu a bayan ɗakin cin abinci yana haƙa gurabe a ƙasa. To, a kan wannan wasa nake so in ɗan yi tarihi, da kuma ɗan uwansa na allo wanda muke kira darar Turawa, wato ces, ko shaɗaranji a bakin Larabawa.

Mu a ƙasar Gwandu dara muka tashi muka tarar. Gurabe 30 ake haƙawa, layi biyar mai gurbi shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan da tsinkaye, wancan da tsakuwa. Da farko a kasa su ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara turawa, wanda ya jera uku ya cinye ɗan abokinsa guda. Dakarkarin Zuru sun yi suna da ita, haka ma Zabarmawan Nijar. Amma ban taɓa ganin an rubuta sakamakonta a takarda ba. Dattijo zai cinye kowa a gindin bishiya shekara ashirin, ranar da ya rasu gwanintarsa ta bi shi kabari.

Sunan darar Turawa da muka laƙaba wa shaɗaranji ma kuskure ne. A Indiya aka fara shi wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, daga nan Musulmi suka ɗauke shi. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa an yi gwanaye irin su As-Suli, wanda ya rasu a 946, har suna rubuta littattafai a kansa. Ta Andalus ya ƙetara Turai, can aka ƙara wa sarauniya ƙarfi a ƙarshen ƙarni na 15. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ya riga Turawa zuwa ƙasarmu. A Barno a da ana yin wani nau'insa da ake kira tsatsarandi, wanda wani jami'in mulkin mallaka, C. K. Meek, ya ba da labarinsa a 1934. Duk wanda ya saurari sunan da kyau zai ji shaɗaranji a cikinsa.

Abin da Turawa suka kawo da gaske shi ne tsarin gasa. An yi gasar ƙasa da ƙasa ta farko a Landan a 1851, Bajamushe Adolf Anderssen ya lashe. A 1883 aka shigo da agogo mai fuska biyu don kada mutum ya kwana yana tunani. An kafa hukumar duniya, FIDE, a birnin Faris a 1924, sannan a 1927 aka fara gasar ƙungiyoyin ƙasashe a Landan. A Nijeriya sai a 1975 aka kafa hukumar wasan, bisa jagorancin Dokta Sylvanus Ebigwei.

Wannan tsari na ƙungiya shi malaminmu na lissafi ya kwaikwayo mana a gasar gidajen kwana, lokacin muna tsohuwar Jihar Sakkwato, tun kafin a yanke Kebbi a 1991. Kowane gida ya fitar da mutum huɗu, a jera su bisa ƙarfi daga allo na ɗaya zuwa na huɗu. Wanda ya ci yana da maki ɗaya, kunnen doki rabin maki. A nan ne na gane bambancinsa da darar gindin bishiya. A dara, in ka faɗi kai kaɗai za a yi wa dariya. A nan kuwa makin mai allo na huɗu daidai yake da na gwanin allo na ɗaya, kuma ba wanda ke da ikon raɗa maka ko kalma guda.

Ni ne mai allo na huɗu a gidanmu. A wasan ƙarshe na shekararmu ta ƙarshe biyu daga cikinmu sun gama, ɗaya ya ci ɗaya ya faɗi, na ukun ya yi kunnen doki, saura ni, jama'a sun kewaye tebur. Ina gaba da doki guda. Sai hannuna ya rigayi kaina, na taɓa sarauniya alhali sarki nake nufin gusarwa. Doka kuwa ita ce abin da ka taɓa shi za ka motsa. A dara na saba in ɗauka in mayar, a yi gardama a wuce. Malam ya dube ni bai ce uffan ba, na motsa ta, aka cinye ta, dara ta ci gida. Abokin karawata yana cikinku, kuma har yau in mun haɗu wurin ɗaurin aure sai ya tambaye ni lafiyar sarauniya.

Ba zan ɓoye ba, a gida ban sami goyon baya ba. Da kawuna ya ga allon a akwatina sai ya ce in fitar masa da shi daga zaure. Yana da hujja, domin Imamu Malik ya ƙi wasan ƙwarai, mu kuwa Malikawa ne. Daga baya na karanta cewa a mazhabar Imamu Shafi'i makaruhi ne, muddin babu caca kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Hukunci na malamai ne, ni dai shaidata ita ce malaminmu da an kira salla yake rufe allo, ko da saura taki ɗaya a kama sarki.

Bayan mun bar makaranta wasan ya yi nisa. A 1997 kwamfuta mai suna Deep Blue ta doke zakaran duniya Garry Kasparov. A 1998, a gasar ƙasashe da aka yi a Elista ta Rasha, ɗan Nijeriya Odion Aikhoje ya sami lambar zinariya a allo na biyu. A 2018 Tunde Onakoya ya fara koya wa yaran unguwannin talakawa na Legas, kuma a Afrilun 2024 ya yi awa 60 yana wasa a birnin New York. Duk waɗannan sunaye daga kudu suke, abin da ke ci mini rai ke nan, ganin cewa yaran da suka iya lissafin dara tun suna kiwo ba abin da zai gagare su a allo.

Da na kai ziyara makaranta na tambayi wasu 'yan aji uku ko ana gasar gidaje. Sun san wasan a waya, amma ba wanda ya taɓa zama gaban abokin karawa da alƙali a tsaye. Saboda haka ina roƙon shugaba da 'yan kwamiti su sa maganar cikin ajandar taronmu na shekara: alluna takwas, agogo huɗu, da kofi ɗaya na shaɗaranji, ɗaya na dara, a riƙa rubuta sunan wanda ya ci a littafi. Alluna biyu na farko ni zan saya, in Allah ya yarda, wanda ya cinye mini sarauniya kuma ya kawo kofin.