Mece Ce "Vida" Ɗin Da Ake Rubutawa A Rigunan Gwanjo?

TAMBAYA: Wani mai saurarenmu da ke sayar da gwanjo a kasuwar Shinkafi ya aiko mana da takarda. Ya ce ya kwance dila ya tarar da riguna masu rubutun "Pura Vida", wasu kuma "Viva la Vida". Wani abokin cinikinsa daga Zurmi ya ƙi saye, wai ya ji an ce sunan gunki ne. Yana son a gaya masa, Vida ɗin nan gari ne, ko mutum ne, ko kuwa zagi ne, tun kafin Alhamis ta zagayo ya sake baza kaya.

AMSA: To Malam, ka kwantar da hankalinka. Vida ba gunki ba ne, ba kuma zagi ba ne. Kalma ce ta harshen Sifen da na Fotugal, ma'anarta rai, ko rayuwa. Mu Hausawa mun raba abin biyu, akwai ran da ke jikin mutum, akwai kuma rayuwar da yake yi da shi. Su kuwa kalma ɗaya suka haɗa wa duka biyun. Sai dai ka riƙa duba abin da aka rubuta kusa da ita, don kalma ce ta kowa da kowa, mai shagon magani yana amfani da ita, mawaƙi yana yi, majami'u ma suna yi.

Mutanen Sifen ba sa bambanta harafin "v" da "b" a baki, saboda haka in suka faɗe ta sai ka ji kamar sun ce "bida". Kada wannan ya ruɗe ka. Ba ta da dangantaka da garin Bida na Nufawa, ba ta kuma haɗa komai da "biɗa" irin ta Zamfarawa da Sakkwatawa, ko da yake wanda ya fita biɗa ai rai yake wa hidima.

Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawa, inda ake cewa "vita". Sojojin Rum sun shiga ƙasar da ake kira Sifen da Fotugal a yau a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, harshensu kuma ya zauna, bakin mutane ya yi ta tausasa shi har "t" ta koma "d". Larabawa sun shigo a 711, mulkin Musulmi a Andalus bai ƙare ba sai 1492. A tsawon wannan zamani Sifaniyanci ya ari kalmomin Larabci masu yawa, har da na sukari da shinkafa da man zaitun, amma bai ari "hayat" ba, ya riƙe vidarsa. Kai ma kana da tsohuwar kalmar a gidanka ba ka sani ba. Bitamin da ake ba mai ciki a asibiti daga "vita" wani masani ɗan ƙasar Folan, Casimir Funk, ya ƙirƙiro sunansa a 1912. Ita ce kuma a wutsiyar Bournvita.

Daga 1492 jiragen ruwan Sifen suka tsallaka teku zuwa nahiyar Amurka, na Fotugal suka sauka Barazil a 1500, bayan sun riga sun bi gaɓar Afirka. Ko'ina suka je sai sun raɗa suna. To amma abin da za ka lura da shi, ba su cika sa wa gari vida ba. Sunan waliyyansu suke sawa, ko abin da idonsu ya gani, ko hajar da suka zo saye. Ikko suka kira Lagos, watau tafkuna. Kamaru daga jatan landen da suka tarar a bakin kogi ta samo suna. Elmina ta ƙasar Gana ma'adinin zinariya ake nufi. Kogin Escravos da ke jihar Delta kuwa, fassararsa kogin bayi, ka ga nan ba su ɓoye abin da ya kawo su ba. Cikin waɗanda aka loda a jiragen nan har da Hausawa, musamman waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen zamanin jihadi, aka kai su Bahiya a Barazil, inda suka shirya bore a 1807, suka kuma tayar da shi a 1809 da 1814.

Mu ma nan haka raɗin sunan gari yake. Ɗauki Ƙauran Namoda. Sunan mutum ne, Muhammadu Namoda, jarumi daga gidan Alibawan Zurmi, wanda yana cikin manyan mayaƙan da suka ci Alƙalawa a 1808. Wasu na cewa ƙaura ɗin sarautar yaƙi ce, kamar Ƙauran Katsina, wasu kuma na cewa tashin da ya yi ne daga Zurmi, shi ya sa za ka ji wani ya ce Ƙauran Namoda wani ya ce Ƙaurar Namoda. Shinkafi kuwa kunne ma ya ji shinkafa a ciki, fadamar kuma tana nan tana shaida. Ka bi taswirar ƙasar Hausa, Gidan wane, Tungar wane, Dutsin kaza, Rijiyar kaza, Sabon Birni. Mu rai a baki muke ajiye shi da jikin mutane: ranka ya daɗe, Allah ya ja da rai, "in da rai da rabo" a bayan babbar mota. A'isha ma'anarta rayayya, Hayatu kuma rayuwa. Uwar da 'ya'yanta ke mutuwa tana sa wa na baya Ajuji ko Ayashe ko Barmani, duk roƙon rai ne aka lulluɓe.

Wuraren da ke ɗauke da sunan vida yawancinsu sababbi ne, kuma unguwanni ne. Akwai Nova Vida a Luwanda babban birnin Angola, rukunin gidaje ne, ma'anarsa sabuwar rayuwa. Akwai unguwannin Vida Nova a garuruwan Barazil, ɗaya tana nan kusa da birnin Salbado na Bahiya ɗin da muka ambata. A 2009 gwamnatin Shugaba Lula ta fito da shirin gina wa talakawa gidaje ta kira shi Minha Casa, Minha Vida, watau gidana, rayuwata. Wanda ya tuna shirin "Beta Layif" na matan karkara da Maryam Babangida ta kafa a 1987 ya san irin wannan raɗin suna, alkawari ne gwamnati ke yi, cikawa kuma wani zance ne dabam. A Amurka ma akwai wani ɗan ƙauye Vida a jihar Oregon, amma shi sunan 'yar mai kula da gidan waya aka sa masa.

Yanzu sai rigunanka. "Pura Vida" fassararta tsantsar rayuwa, kuma gaisuwar mutanen Kosta Rika ce, wata 'yar ƙasa a Amurka ta Tsakiya mai noman gahawa da ayaba da abarba. Kamar yadda muke cewa "lafiya lau" ko "sai godiya", haka suke faɗinta a gaisuwa, a godiya, a sallama. Ba su suka ƙirƙiro ta ba, daga wani fim ɗin barkwanci na Meksiko mai wannan suna, na 1956, ta shigo musu, wanda tauraronsa komai ya taɓa sai ya lalace amma bai fasa faɗinta ba. Masu yawon buɗe ido ke sayen rigar tsaraba, in sun gaji da ita su bayar, a ɗaure ta a dila, har ta iso Shinkafi.

"Viva la Vida" kuma in za a mayar da ita Hausa sosai sai a ce "ran rayuwa ya daɗe". Wata mai zane ce 'yar Meksiko, Frida Kahlo, ta sa ta yi suna. Tana da shekara 18 motar haya ta yi haɗari da ita a 1925, ƙarfe ya huda ta, ƙashin bayanta ya karye, ta ƙare rayuwarta tsakanin asibiti da gado. A 1953 aka yanke mata ƙafar dama. A 1954 ta ɗauki wani zanenta na kankana, wata guda, wata an tsaga, jajawur da 'ya'ya baƙaƙe, ta rubuta waɗannan kalmomi a jikin tsagin da ke gaba. Kwanaki kaɗan bayan haka ta rasu, ranar 13 ga Yuli, tana da shekara 47. Wasu mawaƙan Ingila da ake kira Coldplay suka ari sunan suka sa wa faifansu a 2008, daga nan ya bazu a riguna.

Amma aikin da na fi so manomanmu su ji labarinsa littafi ne, Vidas Secas, watau busassun rayuka, wanda Graciliano Ramos ya fitar a 1938. Mutumin ɗan mai kanti ne, shi ma ya yi tsaron kanti a arewa maso gabashin Barazil, yankin da ake kira Sertawo, ƙasar ƙaya da shanu da fari, wadda in ka ga hotonta sai ka ce dajin da ke tsakanin Zurmi da Jibiya ne da bazara. Labarin wani makiyayi ne, Fabiyano, da matarsa da 'ya'yansu maza biyu da karyarsu. Fari ya koro su, yunwa ta sa har akun gidan suka cinye a hanya. Suka sami wata gona da aka gudu aka bari, ruwa ya sauka, mai gonar ya dawo, Fabiyano ya zama mai yi masa kiwo a kan za a riƙa ba shi ɗaya cikin huɗu na 'yan maruƙa da ɗaya cikin uku na 'yan awaki. To da yake ba shi da gonar kansa, kafin ranar rabo ya riga ya ci bashi, sai ya sayar wa maigidan da rabonsa a wulaƙance. Matar takan zauna ta yi lissafi da 'ya'yan itace a ƙasa, lissafinta bai taɓa yin daidai da na littafin maigida ba, in ya yi magana a ce masa kuɗin ruwa ne. Duk wanda ya taɓa cin bashin hatsi da damina ya biya ninki da kaka ya san wannan lissafi. 'Ya'yan nan biyu marubucin ko suna bai ba su ba, babban yaro da ƙaramin yaro kawai, amma karyar tana da suna, Baleya, watau babban kifin teku, a ƙasar da ko kududdufi babu. Littafin ya ƙare ne fari ya dawo sun sake ɗaukar kaya. An mayar da shi fim a 1963. Mu a nan yunwar kanta muke raɗa wa suna, Kakalaba ta 1914, 'Yar Gusau ta farkon shekarun 1940, shi kuwa mutanen da yunwar ta busar ya raɗa wa.

Na ƙarshe daga nan Afirka yake, ƙasar Mozambik, wadda Fotugal ta mallaka har 1975, kuma harshen Fotugal ne na gwamnati. A tutarsu akwai bindigar AK-47 an gicciye ta da fartanya. Sun yi yaƙin basasa daga 1977 zuwa 1992, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, aka sa hannu a kan sulhu a birnin Rum, amma bindigogi suka rage a hannun jama'a, wasu a binne a gona. A 1995 Majalisar Kiristocin ƙasar, da jagorancin Bishop Dinis Sengulane, ta fito da shirin mayar da makamai fartanyu. Ka kawo bindiga, ba a tambayarka inda ka samo, a ba ka fartanya ko keken ɗinki ko keken hawa ko kwanon rufi. Ba a ba da kuɗi. Bindigar kuma a yanka ta gunduwa-gunduwa don kada ta sake komawa daji. Waɗannan guntaye aka ba masu walda, a 2004 mutum huɗu a birnin Maputo, Kester da Hilario Nhatugueja da Fiel dos Santos da Adelino Mate, suka ƙera itace da su, tsayinsa ya haura mita 3, sassansa duk bakin bindiga ne da gindinta da gidan harsashi, a ƙarƙashinsa ga tsuntsaye ga kunkuru ga ƙadangare, su ma na ƙarfen bindiga. Suka kira shi Árvore da Vida, itacen rai. A 2005 aka kafa shi a babban gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan.

Mutanen Zurmi da Shinkafi da Ƙaura ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da bindiga ke yi wa gona da kasuwa. Za ku tuna a 2020 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta yi tayin shanu 2 ga duk wanda ya miƙa AK-47. A ganina bambancin shi ne, a Mozambik sai da yaƙin ya tsaya shekara 3 kafin a fara musayar, wanda ya ba da tasa ba ya tsoron maƙwabcinsa ya riƙe tasa.

To Malam, rigunanka dai ka sayar da abinka, in mutumin Zurmi ya dawo ka karanta masa wannan shafi. Da fatan ka gamsu.