Ruwaƙan Azhar da Tarihin Ɗaukar Nauyin Baƙin Ɗalibai a Alƙahira

Masallacin Azhar, wanda jagoran rundunar Faɗimiyya Jauhar al-Siƙilli ya aza harsashinsa a shekarar 970 Miladiyya, aka kuma fara sallar Juma'a a cikinsa a 972, ya yi suna a duniyar Musulmi saboda malamansa da littattafansa, amma abin da ya mai da shi makarantar al'ummai daban-daban shi ne tsarin da ya kafa na karɓar baƙo da riƙe shi. Ɗalibin da ya taso daga Fas ko Jawa ko gaɓar Tafkin Chadi, bayan tafiyar watanni a rairayi ko a teku, yakan iso Alƙahira guzurinsa ya ƙare, ba shi da dangi, kuma sau da yawa Larabcin da ya koya a littafi bai isa ya fitar da shi a kasuwa ba. Irin wannan mutum ba zai iya zama gaban malami ba sai an sama masa makwanci da abin kaiwa baka, an kuma sami wanda zai tsaya masa idan magana ta kai gaban hukuma. Tsarin ruwaƙi, wanda ya yi ƙarnoni yana aiki kafin gwamnatin zamani ta gaje shi, shi ne ya ɗauki waɗannan buƙatu.

Tushen al'amarin ya koma shekarar 988, lokacin da waziri Yaƙubu ɗan Killis ya nemi Halifa al-Aziz da ya yanka wa malaman fiƙihu fiye da talatin albashi, aka kuma gina musu gida a jikin masallacin domin su zauna su karantar. Bayan faɗuwar Faɗimiyya a 1171 Salahuddin al-Ayyubi ya dakatar da huɗubar Juma'a a Azhar, martabarsa ta yi ƙasa har kusan shekara ɗari, sai a zamanin Sarki Baibars na daular Mamluk aka mayar da huɗubar. Dawowar ta zo daidai da lokacin da manyan biranen ilimi suke faɗuwa, domin Ƙurɗuba ta kuɓuce wa Musulmi a 1236, Ishbiliya a 1248, Mongol kuma suka ragargaza Bagadaza a 1258, saboda haka malamai da ɗalibai daga gabas da yamma suka yi ta kwararowa Alƙahira suna neman mafaka.

Kalmar ruwaƙi a asali tana nufin rumfa mai ginshiƙai irin wadda take kewaye farfajiyar masallaci, amma a Azhar ma'anarta ta faɗaɗa ta zama sashen da aka keɓe wa mutanen wata ƙasa ko wata mazhaba, inda suke kwana, suke ajiye akwatunansu da littattafansu, suke kuma karɓar rabonsu na abinci. Mazaunin ruwaƙi ana kiransa mujawiri, wato wanda ya zama maƙwabcin masallaci saboda ilimi ko ibada. Masanin tarihi al-Maƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya rubuta cewa a shekarar 818 Hijira, daidai da 1415, mujawiran sun kai mutum 750, cikinsu akwai Ajamawa da mutanen Zaila ta gaɓar gabashin Afirka da Magaribawa da mutanen karkarar Masar, kowace ƙungiya da ruwaƙin da aka san ta da shi. Dalilin da ya sa ya ambaci wannan adadi abin tausayi ne, domin a shekarar ce amirin da aka naɗa ya kula da masallacin ya kore su duka tare da akwatunansu, suka watsu cikin gari da ƙauyuka ba su da inda za su sa haƙarƙari. Al-Maƙrizi bai ɓoye ɓacin ransa ba game da wannan mataki, kuma ruwaƙan sun sake cika daga baya, amma abin da ya faru ya nuna tun da wuri cewa zaman baƙo yana iya rushewa da umarnin mutum ɗaya matuƙar babu wani abu mai ƙarfi da ya ɗaure shi.

Abin da ya ɗaure shi shi ne waƙafi, wato dukiyar da mai ita ya tsayar har abada, ba a sayarwa ba a gado, ana kashe amfaninta a kan abin da ya sharɗanta. Sarakuna da amirai da attajirai, maza da mata, sun tsayar da gonaki da shaguna da gidajen haya da sunan ruwaƙai, kuma daga kuɗin da suke samarwa ake sayen gurasar da ake rabawa, wadda ake kira jiraya, tare da man fitila da ɗan kuɗin kashewa da abincin watan Ramadan. Muhimmancin wannan tsari yana cikin hukuncinsa na shari'a, domin ɗalibin da sunansa ya shiga rijistar ruwaƙi haƙƙinsa yake karɓa bisa sharaɗin da aka rubuta gaban alƙali, ba ya jiran ranar da wani zai ji tausayinsa. Mai karatun da ya san tsangayun ƙasar Hausa, inda cin almajiri ya dogara ga kyautar gidajen unguwa da noman gonar malam, zai ga bambancin nan take. Adadin gurasar kuwa ƙayyadadde ne, don haka sabon zuwa yakan shiga jerin masu jira har sai wani ya kammala ko ya koma gida ko ya rasu. A ƙarshen ƙarni na 14 Sarki Barƙuƙ ya ba da umarnin cewa duk mujawirin da ya mutu bai bar magaji ba, abin da ya bari ya koma hannun 'yan uwansa mujawirai maimakon baitulmali, aka kuma sassaƙa umarnin a dutse a ƙofar masallacin, wanda ke nuna cewa hukuma ta yarda su ne danginsa a baƙunta. Sarki Ƙaitbai a ƙarni na 15 ya gyara ruwaƙai, amiri Abdurrahman Katkhuda kuma a wajajen 1753 ya faɗaɗa masallacin, ya gina ruwaƙin mutanen Sa'id, wato kudancin Masar, ya ƙara abincin da ake rabawa.

A wancan zamani kowane ruwaƙi yana da shehinsa, wanda galibi ɗan ƙasar mazaunan ne, da naƙibi mai riƙe rijista da rabon gurasa, manyan kuma suna da ɗakin littattafai nasu. Aikin shehin ruwaƙi ya wuce kula da tarbiyya, domin shi ne yake shaidar cewa baƙo ɗan ƙasar da ya ambata ne, shi ne yake sasanta rigima kafin ta fita waje, yake bin bashin waƙafi idan masu haya ko masu mulki sun danne, yake kuma shiga tsakani idan an kama ɗaya daga cikin mutanensa. Irin wannan tsayawa ta shafi manyan malamai ma. Ibn Khaldun ya iso Alƙahira a farkon 1383 ya fara karantarwa a Azhar, Barƙuƙ ya yanka masa albashi, ya ba shi kujerar koyarwa a makarantar Ƙamhiyya, ya naɗa shi alƙalin Malikiyya a 1384, sannan ya rubuta wa sarkin Tunis yana neman a saki iyalin Ibn Khaldun da aka riƙe a can. An sake su, sai dai jirgin da ya ɗauko su ya nitse kusa da Iskandariyya.

Dangantakar ƙasashen Sudan ta tsakiya da wannan tarihi tsohuwa ce ƙwarai. Al-Maƙrizi ya ambaci cewa a shekarun 640 na Hijira, wato tsakiyar ƙarni na 13, mahajjatan Kanem sun ba alƙali Alamuddin ɗan Rashiƙ kuɗi ya gina makarantar Malikiyya a Fusɗaɗ, tsohon birnin da ke kudancin Alƙahira, kuma suka riƙa aiko mata da kuɗi a yawancin shekaru, masanin tarihi al-Umari kuma ya ce a nan matafiyansu suke sauka. Wannan ya zo a zamanin da ake dangantawa da Mai Dunama Dabalemi, kuma ma'anarsa ita ce mutanen yankin Tafkin Chadi sun yi wa ɗalibansu gida a ƙasar waje da dukiyarsu kusan shekara ɗari takwas da suka wuce. A cikin Azhar kansa, jerin ruwaƙan da marubucin Masar Ali Mubarak ya kawo a ƙarshen shekarun 1880 ya ƙunshi na Barnawa da na mutanen Darfur da na Sulaih, wato Wadai, da na Sinnar da na Jabarti na Musulmin Habasha, a gefen manyan ruwaƙan Magaribawa da Shamawa da Turkawa. Kalmar Dakarna da ta shiga sunan wasu daga cikinsu sauyin lafazi ce ta Takarna, jam'in Takruri, sunan da mutanen Masar da Hijaz suke kiran baƙin da suka fito daga yammaci da tsakiyar ƙasashen Sudan.

Labarin Muhammadu al-Katsinawi ya nuna yadda baƙunta take haɗa baƙo da baƙo. Wannan malami Bafulatani na Katsina, masanin lissafi da ilimin aufaƙi, wato jadawalin lambobi da jimillarsu take daidaita ta kowane gefe, ya yi aikin hajji ya zauna a Alƙahira, inda ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, wanda kakanninsa suka daɗe suna riƙe da shugabancin ruwaƙin Jabarti. Al-Katsinawi ya yi wa mai masaukinsa wasiyyar kula da abin da ya bari da littattafansa, kuma ɗan mai masaukin, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne ya adana tarihinsa a babban littafinsa na tarihin Masar.

Tsarin yana da rauninsa, kuma babban raunin ya fito ne daga inda ƙarfinsa yake. Tun da kowane ruwaƙi yana ci ne daga waƙafinsa, ruwaƙin da mutanen ƙasarsa suke da fataucin Alƙahira ko kusanci da fada, kamar Magaribawa da Turkawa, ya wadata da gurasa da littattafai, ruwaƙan ƙasashen Sudan kuwa suka kasance ƙanana masu ƙarancin rabo. Rabuwa bisa ƙasa ta kuma haifar da ɓangaranci, har akan yi faɗa tsakanin ruwaƙai a kan shugabanci. Laifin mutum ɗaya yakan shafi jama'arsa, kamar yadda ya faru a watan Yunin 1800 da Sulaiman al-Halabi, wanda ya sauka a Azhar, ya kashe Janar Kileba na Faransa, aka kashe mujawirai uku tare da shi, aka rufe masallacin kusan shekara guda. A 1896 kuma, lokacin annobar kwalara, ɗaliban ruwaƙin Shamawa suka hana a ɗauke ɗan uwansu mara lafiya, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka yi asarar rai.

Ƙarni na 19 ne ya fara sauya ginshiƙin al'amarin, domin mai mulkin Masar Muhammad Ali ya karɓe filayen noma masu yawa na waƙafi ya mayar da su ƙarƙashin gwamnati, abin da ya sa Azhar ya ƙara dogara ga baitulmalin ƙasa. Dokar jarrabawa ta 1872 da dokokin da suka biyo baya har zuwa ta 1930, wadda ta kafa kwalejojin Shari'a da Usuluddini da Harshen Larabci, sun mayar da karatu aji-aji da takardar shaida, aka kuma maye gurbin gurasa da kuɗi. A 1959 gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta buɗe Madinatul Bu'us, unguwar kwanan ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya, sannan doka mai lamba 103 ta 1961 ta mai da Azhar jami'ar zamani mai kwalejojin likitanci da injiniyanci da noma. Tun kafin haka masu mulkin mallaka sun fahimci cewa karatu a Azhar yana da fuskar siyasa, shi ya sa Turawan Ingila suka fi son tura ɗaliban Arewacin Najeriya zuwa Bakhtur Ruda ta Sudan, inda Abubakar Gumi da abokansa suka je a 1954.

Sabon tsarin ya ba baƙin ɗalibai ɗakin kwana da asibiti da kuɗin wata, kuma ya rage bambancin da ke tsakanin ruwaƙi mai arziki da matalauci, wanda ci gaba ne da ba a musunsa. Amma ya raba su da dukiyar da aka tsayar da sunansu da kuma shehin da ya fito daga cikinsu, ya bar makomarsu a hannun kasafin kuɗin Masar da dangantakar gwamnatoci, ƙungiyoyin ɗalibai da ofisoshin jakadanci kuma suka gaji aikin tsayawa ba tare da waƙafin da zai ba maganarsu nauyi ba. Har yau ɗaliban Najeriya da Nijar da Chadi suna cika ajujuwan Azhar, da yawa daga cikinsu suna zaman haya a unguwannin Alƙahira da abin da iyayensu suka iya aikowa, kuma ya kamata attajirai da masarautu da gwamnatocin jihohin da suka fito su tsayar musu da gidaje na waƙafi a birnin, kamar yadda mahajjatan Kanem suka yi a ƙarni na 13.